Tiyatar da Aka Yi wa Rediyo Idonta Biyu

A layin da shagon gyaran gashinta yake ba wanda ke kiranta da sunanta na gaskiya. Rediyo ake ce mata, kuma ba a zalunce ta ba. Daga buɗe ƙofar shago da safe har ta ja ta rufe, bakinta bai san hutu ba. Hannu na kitso, baki na zuba. Mace sai ta shigo da damuwar gidanta, ta fita da sabon kai da labarin gidajen da ba ta tambaya ba. In za a faɗi gaskiya, kitson nata ba wani na a zo a gani ba ne. Hirar ce ke riƙe mata mutane, ita ma ta san haka.

Mijinta mai gyaran agogo ne, irin mutanen da in suka ce maka "to" sun gama jawabin ranar. Suna da 'ya ɗaya tana makarantar kwana. In ya dawo da yamma ya zauna yana cin abinci, Rediyo ta kwashe duk abin da ya faru a layi ta juye masa, shi kuwa yana gyaɗa kai. Ba wanda ya taɓa jin ya ce ya gaji.

Da mataji abin ya fara. Wata rana tana tsakiyar kitso ta miƙa hannu tana son a miƙo mata shi, sai sunan ya ƙi zuwa. Ga abin tana gani a kan tebur, ta san aikinsa, ta san inda ta saye shi, amma sunan babu. Ba ta yi wata-wata ba ta ce da matar da ke jiran layi, "Don Allah miƙo min mai haƙoran nan." Shago ya ɗau dariya, aka miƙo mata, aka wuce wurin.

Daga nan ta gano cewa kalma in ta gudu, ana iya kewaye ta. Almakashi ya koma "ɗan cizo", madubi ya koma "mai tona asiri". Ta ƙware har ba a jin inda ta yi tuntuɓe. Matan layi suka ɗauka sabon salon barkwanci ne, wasu har suka ara suna yi a gidajensu. Ita kaɗai ta san ba wasa take ba, kuma tsoro ya cika ta, amma ba ta gaya wa kowa ba. Mai surutu yana iya ɓoye abu fiye da mai shiru, don ba wanda ke zarginsa da ɓoyo.

Jiki ne ya tona ta. Wata ranar aiki ta yanke jiki ta faɗi tana karkarwa, ta bar wata baiwar Allah da rabin kai a kitse rabi a tsefe. A asibiti aka yi mata hoton ƙwaƙwalwa, aka ga ƙari a gefen hagu, ya zauna daf da inda magana ke fitowa.

Likitan da zai yi aikin ɗan ƙaramin mutum ne mai furfura, ba ya murmushi kuma ba ya ɗaure fuska. Ya zaunar da ita da mijinta a ofishinsa, ya juyo musu da hoton, ya nuna wani farin tabo da bayan biro.

"Zan iya cire shi," in ji shi. "Matsalar ita ce a ido ba a bambance inda shi ya ƙare da inda maganarki ta fara. Kowa da yadda nasa yake. Saboda haka za mu sa ki barci mu buɗe, sannan mu tashe ki. Ina aiki kina magana. In maganar ta kakare, na san na taɓa inda bai kamata ba, sai in ja baya."

"Idona biyu?"

"Idonki biyu. Ƙwaƙwalwa ba ta jin zafi. Fatar ce ke ji, ita kuwa za mu kashe ta da allura."

Rediyo ta tafa hannu. "Likita, tun da uwata ta haife ni kai ne mutum na farko da ya roƙe ni in yi surutu."

Bai yi dariya ba. Ya ce akwai abin da yake so ta yi tunani a kai tun yanzu: mai yiwuwa su kai inda sai an zaɓa, ko a kwashe ƙarin duka a taɓa magana, ko a bar wani abu a tsira da ita. A nan ne mai gyaran agogo ya yi magana mafi tsawo da aka ji daga bakinsa a shekarar.

"A cire shi duka, Likita. Ko me zai biyo baya, a cire."

"Na ji ka," in ji likita. Ya juya wajenta. "Ke fa?"

Ita kuwa ta shiga ba shi labarin wata kwastomarta da aka yi wa tiyatar ido ta fito tana cewa mijinta ya tsufa. Likita ya saurara har ta dire. Ya lura ba ta amsa ba, amma bai matsa ba.

Kafin ranar aiki aka haɗa ta da wata malama mai tabarau, wadda aikinta gyaran magana ga waɗanda ciwo ya taɓa musu harshe. Ita ce za ta zauna a gabanta a ɗakin tiyata. Ta zo da tarin katuna masu hotuna, tana ɗagawa Rediyo na faɗin suna. Doki, kujera, takalmi. Wanda ta kasa sai malamar ta ware shi gefe, don kada a ɗora wa likita laifin kalmar da ta riga ta ɓace tun a gida. Da aka ɗaga makulli, Rediyo ta ce, "Wannan ai shi ne maganin ɓarawo."

Malamar ta sauke katin. "Yaya, sunansa nake so."

"Ai kin gane."

"Na gane. Amma a can ciki in kika yi min haka, kin cuce mu duka. Likita yana ganin ƙwaƙwalwarki amma ba ya jin abin da ke faruwa a ciki. Ni ina jin abin da ya fito, ba na jin abin da ya ƙi fitowa. Ke kaɗai ce a ciki. In kalma ta ɓace, ki ce ta ɓace."

Rediyo ta ce to, irin "to" ɗin da take ce wa kwastoma in ta nemi kitson da bai dace da kanta ba.

Ranar aiki da safe wata nas ta zo da reza ta aske mata gefen kai. Rediyo ta nemi a ba ta madubi, ta duba, ta ce wanda ya koya wa nas ɗin riƙe reza bai ji tsoron Allah ba. Aka tura gadon a dogon baranda, maigidan na biye har inda aka ce iyakarsa ke nan. Ya tsaya, ya ɗaga hannu kamar zai ce wani abu, sai ya mayar da shi aljihu.

Farkawar ba ta yi kama da tashi daga barci ba. Ta dai tsinci kanta kwance a gefen dama, kanta a ɗaure tam cikin wani ƙarfe, ko motsi ba ya yi. An yi mata rumfa da koren kyalle, ba ta ganin komai sai fuskar malama mai tabarau a kusa da tata. Bakinta ya bushe ƙamas, aka goga mata jiƙaƙƙiyar auduga a leɓe. Wata na'ura na ƙara a hankali, wata na tsotsar ruwa a bayan kunnenta. Ɗakin da sanyi. Zafi kam babu, sai dai nauyi, da sanin cewa a bayan kyallen nan kanta a buɗe yake kuma mutane na leƙawa.

"Kina ji na?" Muryar likita ce daga bayan kyalle.

"Ina jin ka. Me ka gani a ciki?"

"Abin da nake tsammani. Malama, mu fara."

Kashi na farko bai ba ta wahala ba. Likita na da wani ɗan tsinke mai ɗauke da wutar lantarki kaɗan, yana ɗora shi wuri-wuri, ita kuma tana faɗin sunan abin da ke kan kati. Kifi. Tsani. Mota. Sai aka ɗaga hoton kaza, ta buɗe baki, komai ya tsaya cak. Ba kalmar kaɗai ba, har dabarar kewayewa ta ɗauke. Ta ji kamar an kashe wuta a ɗaki. "Ta tsaya," in ji malama. Likita ya ɗage tsinken, sai ga "kaza" ta faɗo da kanta. Ya sa alama a wurin, ya matsa gaba. Haka suka yi ta yi har ya san wuraren da ba zai taɓa ba. A nan ba abin ɓoyo, don in abin ya kama ta kowa na gani.

Sai aka shiga cirewar, wadda ita ce mai tsawo. Ba a iya riƙe mutum da katuna tsawon wannan lokaci ba tare da ya yi gyangyaɗi ba, don haka malama ta ajiye su a cinya, tana ɗaga ɗaya jefi-jefi. Ta ce, "Yaya, ba ni labarin shagonki."

To, an zo gidan Rediyo. Ta fara da matar da ta yi barci a ƙarƙashin na'urar busar da gashi har aka rufe shago da ita. Ta shiga labarin mai gidan hayar da ke zuwa duba rufi duk ranar da 'yan mata suka cika shago, rufin da bai taɓa yoyo ba. Nas ɗin da ta aske ta ta ƙyalƙyale da dariya, mai kula da allurar barci ma ya ce, "Kai, wannan mata!" Rediyo ta ji daɗi. Kai a buɗe ko a rufe, masu sauraro masu sauraro ne.

Tana cikin labarin mai gidan haya kalma ta farko ta zame. Tsani take nema, tsanin da ta faɗa ɗazu ba gargada. Kafin ta ankara bakinta ya riga ya ce, "ya ɗauko abin hawansa". Ba wanda ya ji komai. Labari ya ci gaba. Can sai taga ta ɓace, ta ce "ta inda iska ke shigowa". Sannan bokiti. Malama ta ɗaga kati, hoton kare, ta faɗa daidai, malama ta gyaɗa kai ta ce ta ci gaba. Na'urar tsotso na ta aikinta a bayan kunne.

Ta san abin da aka ce ta yi. Amma bakin da ya daɗe yana rufa mata asiri ya fi ta sauri, kuma ana dariya, ita kuwa ba ta taɓa katse labari a tsakiya ana dariya ba. Ban da haka akwai wani lissafi da ta yi a ranta ba tare da ta so ba: in ta yi shiru da bakinta, likita zai ci gaba ya kwashe abin duka, kamar yadda maigidan ya roƙa. Ba sai ta zaɓi komai ba. In ta farka babu magana, sai a ce ƙaddara ce.

"Kina da yara?" in ji malama.

"Ɗaya. Mace. Tana makaranta, ta fi ni baki in gaya miki, ita..."

Ta nemi sunan 'yarta ta rasa. Ga fuskar yarinyar, ga wushiryarta, ga tabon ƙuna a hannunta na hagu, ga muryarta tana cewa Mama kin cika magana. Sunan da ita da kanta ta zaɓa tun cikin bai fito ba, shi ne babu. Bakinta kuwa har ya shirya, "mai rigimar tawa" na kan harshe, kuma da ta faɗa da an yi dariya an wuce. Ba wanda ya san sunan a ɗakin balle ya ga ya ɓace.

"Likita, tsaya."

Ƙarar tsotso ta ɗauke nan take.

"Ya ɓace," in ji ta. "Sunan 'yata. Kuma ba shi ne na farko ba. Tun ɗazu suke zubewa ina kewayewa."

Malama ta cire tabarau ta mayar. Ba ta yi mata faɗa ba, ba lokacinsa ba ne. Likita ya ce a ba shi ruwa, Rediyo ta ji wani sanyi na gangarawa a inda ba ta taɓa jin sanyi ba. Aka jira. Malama na ɗaga katuna ɗaya bayan ɗaya, wasu su zo, wasu su ƙi. Can sai sunan ya dawo, ba sallama, kamar bai je ko'ina ba. Ta faɗe shi da ƙarfi, ta sake faɗa. Hawaye ya gangaro ta kan karan hancinta, malama ta share mata da auduga.

"To," in ji likita. "Mun zo inda na gaya miki a ofis, ranar da kika ba ni labarin mai ciwon ido. Na kwashe mafi yawansa. Abin da ya rage siriri ne, amma ya kwanta a kan hanyar maganarki. Da kin ƙara jimawa ba ki faɗa ba, da na shige ta."

"In ka bar shi fa?"

"Za mu bi shi da magani. Yana iya yin shiru ya daɗe. Amma irinsa yakan dawo."

"In ka cire?"

"Kin ƙara samun lokaci, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai mai yiwuwa ki farka kina gane kowa, kina jin duk abin da ake faɗa, ki kasa mayarwa. Wasu kan samu kaɗan ya dawo. Wasu ba sa samu."

"Maigidana ya ce a cire."

"Na ji shi. Yana waje. Ke nake tambaya."

Rediyo ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har malama ta matso a firgice ta ɗaga kati tana cewa, "Yaya, mene ne wannan? Yi magana!"

"Tunani nake, malama. Ba ɓacewa ba ce."

Ta yi tunanin kanta zaune a shago a kujerar masu jira, mata na hira a kanta, tana da amsa a ciki ba hanyar fita. Ɗazu ta ɗanɗana na ɗan lokaci, a kan hoton kaza, ta san yadda ɗakin nan mai duhu yake. Ta yi tunanin maigidan kuma, da yadda zai ji. Ta tausaya masa ƙwarai, amma tausayin bai canza komai ba.

"Bar shi," in ji ta. "Rufe min kaina."

"Kin tabbata? Faɗa min da bakinki abin da kika zaɓa."

"Ka bar ragowar. Na san zai iya dawowa. Na ji, na gane, ni na ce."

"Shi ke nan." Ya yi magana da mai allura, fuskar malama ta fara nisa.

Washegari da rana tana kwance a ɗakin jinya, kai naɗe da bandeji, ido ɗaya a kumbure. Ta hango maigidan ta gilashin ƙofa ya tare likita a baranda. Ba ta jin abin da suke cewa. Ta ga likita ya yi gajeren bayani, ya nuna ƙofarta da hannu, ya wuce. Maigidan ya daɗe tsaye kafin ya shigo. Ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Sannu."

"Yauwa, sannu, Baban yarinya. Ka ci abinci kuwa?"

"Ya ce bai cire duka ba. Ya ce in tambaye ki."

"Ni na ce ya bari."

Ya dube ta kamar bai gane yaren ba. "Ke?"

"Ni aka tambaya."

"Kanki a buɗe, an ɗura miki magunguna, shi ne za a tambaye ki? Ina nan zaune a waje, taku kaɗan, ba wanda ya leƙo?"

"Hankalina ɗaya. Da ba ɗaya ba ne da bai tambaya ba."

"Ai na faɗa masa. A gabanki na faɗa." Ya matso kusa da gadon. "Ni ko ba kya magana, in shigo gida in gan ki zaune, ya ishe ni. Wallahi ya ishe ni."

"Na sani," in ji ta. Maganar na fita a hankali, harshen da nauyi, amma tana fita. "Kai zai ishe ka. Ni ce zan zauna a ciki."

Can ya ce, "Zai dawo ke nan."

"Ya ce yakan dawo."

"Yaushe?"

"Bai sani ba."

Ya tashi ya je bakin taga ya juya mata baya. Ta san shirunsa kala-kala, na gajiya da na jin daɗi da na aiki, amma wannan ba ta taɓa ganin irinsa ba. Fushi yake da ita, fushi na gaske, kuma tana ganin kafaɗunsa na motsi. Ba ta ba shi haƙuri ba, don in ta ba shi ƙarya za ta yi, kuma zai gane.

Ta jira ko zai fita. Bai fita ba, bai kuma juyo ba. Sai ta gyara kwanciya, ta fara gaya wa bayansa yadda abin ya kasance tun daga farkawarta, da rumfar kyalle, da sanyin ɗakin, da abin da likita ya ce da abin da ta ce. Tana yi tana hutawa, ba ta kewaye komai ba.